Sayen tsohon jirgin ruwa a Yamai: yadda ake sa gwani ya duba kafin a biya

Jirgin ruwa yana cikin ƴan kayayyakin da ake cinikinsu alhali rabinsu a ɓoye yake. Mai sayen mota yana iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta, mai sayen sa yana iya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, amma wanda ya tsaya a bakin kogin Isa, wato kogin Kwara da ya ratsa Yamai, a Gamkalle ko a Harobanda, yana kallon jirgin da aka ɗaure a turke, abin da idonsa yake gani shi ne ɓangaren da iska take bugawa, wanda kuma galibi shi ne ya fi ko'ina lafiya. Katakon da zai ɗauki ransa da dukiyarsa yana can cikin ruwa, laka da gansakuka sun rufe shi. Malaman fiƙihu sun hana cinikin kifi yana cikin ruwa saboda mai saye bai san abin da yake saye ba, kuma a ganina jirgin da ba a jawo shi tudu ba bai yi nisa da wannan kifin ba.

Don haka idan aka tambaye ni ko ya kamata mutum ya kashe kuɗi ya ɗauko gwani ya duba masa tsohon jirgi kafin ya biya, amsata ita ce ya ɗauko, kuma ya ɗauko mutum biyu, ɗaya na jikin jirgi ɗaya na inji. Inda kawai nake sassautawa shi ne ƙaramin kwale-kwale na filafili, irin wanda mai garka yake tsallakawa da shi tsibiri, idan mai sayen ya tashi cikin sana'ar ruwa kuma kuɗin jirgin bai kai ya girgiza gidansa ba. Amma duk jirgin da za a ɗora wa inji, ko za a ɗauki fasinja da shi ranar kasuwar Bubon ko ta Ayoru, ko za a loda masa kabewa da buhunan shinkafa, ko kuma wanda aka ci bashi domin sayensa, bai kamata a ƙirga kuɗinsa ba sai wanda ya san aikin ya taɓa shi da hannunsa.

A ƙasashe irin su Faransa da Ingila da Amurka duba jirgi sana'a ce mai zaman kanta. Mai wannan aiki yana yanka ladansa gwargwadon tsawon jirgin, ana ɗaga masa jirgin daga ruwa da na'ura, ya yini yana bincike, sannan ya rubuta rahoto mai hotuna, kuma sau da yawa kamfanin inshora ba ya karɓar tsohon jirgi sai da irin wannan rahoto. A nan bakin kogi gwanin da mutum zai samu cikin sauƙi shi ne kafintan jirgi, wanda ya shekara ashirin ko talatin yana haɗa katako da ƙusa da kwalta, sai kuma makaniken injin ruwa. Kada rashin takardar makaranta ta sa a raina su, domin ga jirgin katako sun fi duk wani mai na'ura sanin inda ciwo yake ɓuya. Abin da ba su saba da shi ba shi ne rubuta abin da suka gani, wannan kuwa aiki ne da mai saye zai iya ɗaukar wa kansa da biro da wayar hannu. Idan jirgin babba ne na ƙarfe, ko kuma ana son a yi masa inshora ko a karɓi bashin banki a kansa, sai a fara tambayar kamfanin ko bankin wane ƙwararre suke amincewa da rahotonsa, don kada a biya lada sau biyu.

Abu mafi muhimmanci wajen zaɓen mai duba, wanda ya fi ƙwarewarsa ma nauyi, shi ne kada ya kasance yana da rabo a cikin cinikin. Kafintan da dillali ya kawo na dillali ne, ko da kuwa mutumin kirki ne, saboda gobe ma tare za su ci abinci. Kafintan da ya ƙera jirgin, ko wanda ya saba yi masa faci, ya san tarihinsa sarai kuma yana da kyau a tambaye shi, amma da wuya mutum ya kushe aikin hannunsa a gaban jama'a. A nemo mai duba daga wata tasha, idan jirgin yana Saga a ɗauko mutum daga Gudel ko daga ƙetare, a yanka masa ladan yininsa tun kafin ya ga jirgin, kuma a faɗa masa a fili cewa za a biya shi ko an saya ko ba a saya ba. Wanda aka ce masa ladansa yana cikin la'ada ya riga ya san amsar da ake so ya bayar. Haka nan ba na son a yi wa mai duba alkawarin cewa shi zai yi gyaran da ya gano, domin wannan yana sa lahani ya yi ta haihuwa a bakinsa.

Ni kaina sai da na sha kafin na koyi wannan. Jirgin farko da na saya domin wani ƙanena ya riƙa jigilar kaya da shi, na gan shi ne da yamma a cikin ruwa, an shafe shi da sabuwar kwalta yana ƙyalli, an zana masa fenti shuɗi da ja a goshi, mai shi kuma yana ta rantsuwa cewa wani na tafe da kuɗi bayan magariba. Na shiga, na taka ko'ina, ban ga ruwa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, na biya. Mako uku bayan haka yaron da aka ɗauka domin taimakon lodi ya koma ba shi da aiki sai kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka tun daga tashi har isowa, kuma da muka jawo jirgin tudu aka kankare kwaltar, sai ga alluna biyu na ƙasa an cike ramukansu da tsumma da garin katako. Abin da na kashe wajen gyara, haɗe da kwanakin da jirgin ya yi a kife babu aiki, ya ninka ladan kafinta sau da yawa.

Kafin ranar duba akwai sharuɗɗan da ya kamata a daidaita da mai sayarwa, kuma yadda ya karɓe su ma wani bincike ne. A ce masa za a fitar da jirgin daga ruwa a kifa shi ko a jingine shi a gefe, kuma mai saye ne zai biya samarin da za su ja. A ce masa kada ya shafa kwalta ko fenti, kada kuma ya tayar da injin a ranar kafin makanike ya iso. A nemi izininsa a gaban shaidu cewa za a kankare wasu wurare, a soka ƙarfe a katako, a zare ƙusa biyu ko uku, tare da alkawarin mayar da komai yadda yake idan ciniki bai faɗa ba. Idan ya nemi kafin alƙalami domin ya riƙe jirgin, babu laifi a ba shi kaɗan, amma a rubuta cewa kuɗin zai dawo idan an sami lahanin da bai faɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka a tambaye shi kai tsaye wane allo aka taɓa canzawa, yaushe jirgin ya taɓa nutsewa ko ya daki dutse, kuma me ya sa yake sayarwa. Wanda ya ƙi a fitar da jirginsa daga ruwa ya riga ya ba ka rahoton kyauta, sai ka yi masa godiya ka wuce.

Lokacin shekara yana da tasiri. Koginmu a Yamai yana cika sau biyu: jan ruwa na damina a watannin Agusta da Satumba, wanda ruwan saman yankinmu yake kawowa, da kuma ruwan da yake tahowa daga Gini, wanda yake daɗewa a hanya ta cikin Mali har ya iso mana a tsakiyar hunturu. Daga nan ruwa yana ja da baya har zuwa Mayu da Yuni, lokacin da yashi yake bayyana a tsakiyar kogi, har dattawa suna tuna shekarar 1985 da ruwan ya tsaya cak a gaban birnin. Lokacin janyewar ruwa ya fi sauƙin duba jiki, domin jirage da yawa suna kan yashi kuma ba a wahala wajen kifa su, sai dai yana da wuya a sami zurfi da ƙarfin igiyar da za a gwada inji da lodi yadda ya kamata. Lokacin cika kuma akasin haka ne. Wanda ba ya cikin gaggawa, ni a ra'ayina ya yi cinikinsa wajen Fabrairu ko Maris, sa'ad da gaɓa ta fara buɗewa amma ruwa bai ƙare ba.

Idan an kifa jirgin, a wanke ƙasansa da tsintsiya da ruwa, a bar shi ya sha iska kamar awa biyu ko uku, sannan a fara. Wuraren da suka ƙi bushewa bayan sauran jiki ya bushe, su ne farkon abin da kafinta zai nufa, domin katakon da ya ruɓe yana riƙe ruwa kamar soso. Kafintan da ya duba mini jirgi na biyu, wani dattijo Basarke, wato daga cikin Sarkawa masunta, da ba ya yawan magana, kayan aikinsa ƙaramar guduma ce da tsinin ƙarfe irin na ɗinkin buhu da guntun alli. Ya fara daga goshi yana ƙwanƙwasawa taki ɗaya bayan ɗaya, kunnensa kusa da katako. Inda allo yake da lafiya guduma tana dawowa da ƙara mai kaifi, inda ya mutu kuwa sai ka ji wani ɗif kamar an bugi kabewa. A wani wuri kusa da baya ya tsaya, ya sake bugawa sau biyu, ya kankare kwalta da bakin wuƙa, ya ɗora tsinin ya danna da babban yatsa kawai, sai ƙarfen ya shige kusan rabinsa. Mai jirgin ya ce, “Haba Baba, ai wannan ɗan wuri ne, faci ɗaya ya ishe shi.” Dattijon bai tanka masa ba, ya zagaye wurin da alli, ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, rubuta: allo na biyu daga ƙasa, hagu, kamu ɗaya da rabi.” Kafin azahar akwai da'ira bakwai a jikin jirgin, kuma kowace na ɗauki hotonta.

Ruɓewa ba ta zaɓar wuri da ka. Katakon da yake cikin ruwa kullum yana daɗewa, wanda yake a bushe kullum shi ma haka, amma wanda yake jiƙewa yana bushewa shi ne abincin ruɓa, kuma ruwan daɗi irin na kogi da na sama ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da katako. Saboda haka a matsa wa mai duba ya bi layin da ruwa yake tsayawa a jikin jirgi, da ƙarshen alluna inda suka haɗu a goshi da baya, da ƙarƙashin katakan da ake shimfiɗawa a ciki domin a ɗora kaya, inda ruwan sama da ɓawon gyaɗa da laka suke kwana. Kada a yarda da duba ba tare da an ɗaga wannan shimfiɗa gaba ɗaya ba. A duba haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya, wato katakan da suka gitta suna riƙe alluna, domin allo guda idan ya lalace ana cire shi a sa wani, amma idan haƙarƙari da yawa suka tsage ko suka ruɓe a gindinsu, gyaran ya kusa zama sabon ƙira. Jirgin da ya daɗe a tudu kuma a nemi hanyar gara da ƴan ramukan ƙwaro masu zubar da gari. A tambayi kafinta ko wane irin itace ne, domin maɗaci da loko suna jure ruwa ƙwarai, alhali farin katako mai araha da aka ɓoye a ƙarƙashin fenti ba ya kai ko'ina, kuma sau da yawa jirgi ɗaya yana ɗauke da iri biyu ko uku saboda facin shekaru.

Sai ƙusa, wadda mutane suka fi mantawa da ita saboda kanta kawai ake gani. Ƙusar ƙarfe tana cin tsatsa daga ciki, ta sirance a daidai inda allo ya haɗu da haƙarƙari, ta kuma ɓata katakon da yake kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi, alhali kanta yana nan kamar sabo. Hanyar sani ɗaya ce, a zare biyu ko uku daga wurare dabam-dabam a ƙasan layin ruwa. Idan suka fito da kaurinsu, madalla. Idan suka fito kamar allura, ko suka karye a hannu, to duk ƴan uwansu haka suke, kuma jirgin da ƙusoshinsa suka mutu yana iya buɗewa a lokaci guda idan ya daki kututture da lodi a cikinsa. Bayan wannan a tsaya daga goshi a miƙa ido har baya, a ga ko jirgin ya murɗe ko tsakiyarsa ya lotsa, sannan a duba ƙasansa ko akwai gurzuwar dutse, musamman idan an ce daga arewa ya fito, wajen Ayoru da Tilaberi, inda kogin yake da duwatsu.

Akwai wani abu da yake ruɗa sababbin masu saye, har ya sa su guje wa jirgi mai kyau ko su rungumi marar kyau. Jirgin katako da ya yi makonni a tudu cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, allunansa suna tsukewa su bar tsaga a tsakaninsu, kuma ranar da aka mayar da shi ruwa zai sha kamar rariya. Wannan ba lahani ba ne, domin cikin kwana biyu zuwa huɗu katakon yana kumbura ya rufe bakinsa. Mai sayarwa marar gaskiya ya san haka, shi ya sa kowane yoyo zai ce maka na bushewa ne. Maganin gardamar shi ne a bar jirgin a ruwa har ya jiƙu, sannan a kwarfe shi tas da yamma, a bar wani naka ya kwana kusa da shi don kada a zo da asuba a rage, da safe kuma a auna abin da ya taru da bokiti, a kuma lura da inda yake tsattsafowa.

Jiragen faiba da na alminiyon, irin waɗanda otal-otal da ƙungiyoyi suke sayarwa idan sun tsufa, dubansu dabam ne kuma kafintan katako ba lallai ya iya ba. A na faiba ana neman ƙuraje a ƙasan jiki, waɗanda idan aka fasa suke fitar da ruwa mai warin tsami, da tsagewa kamar saƙar gizo-gizo inda ya taɓa buguwa. Mafi haɗari shi ne allon baya da ake ɗaura inji, domin galibi akwai katako a cikin faibar, kuma yana ruɓewa ba a gani. Ana ɗaga ƙafar injin a danna ta da ƙarfi, idan allon ya motsa ko ya yi ƙara, gyara ne babba. A na alminiyon ana duba ƙusoshin matsi da suka saki da tsagewa a bakin walda, na ƙarfe kuwa sai an sami mai na'urar auna kaurin ƙarfe, domin fenti yana rufe tsatsar da ta kusa hudawa.

Inji kuma sau da yawa shi ne rabin kuɗin cinikin ko fiye, don haka makanike ya zo da kayan aikinsa, kada ya zo da kunne kawai. Yawancin abin da ake gani a kogi injin Yamaha ne mai doki 15 ko 25 ko 40, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Abu na farko, makanike ya cire murfi ya ɗora tafin hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an tayar da shi kafin ku iso, kuma injin da ya gaji yana ɓoye gajiyarsa idan ya yi zafi, saboda haka a jira ya huce ko a dawo washegari. Injin kirki yana tashi daga sanyi a ja kaɗan na igiya. Da zarar ya tashi a kalli ɗan ramin da yake fitsarin ruwa a baya, domin wannan ruwan shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji yana aiki. Famfon nan na roba ne, yashin koginmu yana cinye shi da sauri, kuma canza shi ba tsada, amma injin da aka yi ta tuƙawa babu ruwan sanyi ya riga ya ƙone daga ciki, alamar haka kuwa ita ce fentin kan silinda da ya canza launi ko ya ɓaɓɓake. Kada a yarda kowa ya tayar da injin a tudu ba tare da ƙafarsa tana cikin ruwa ko cikin duro ba, ko na ƴan daƙiƙu ne, saboda robar tana lalacewa nan take.

Daga nan a cire filogi, wanda makanikan Yamai suke kira buji, a duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta lafiya, baƙi mai danƙo yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ba ta ci sosai, wanda kuma ya fito fes kamar an wanke shi alhali ɗan uwansa yana da datti, yana iya nufin ruwa yana shiga wannan silinda. A nan ne ake ɗaura agogon auna matsi a ramin filogin a ja igiya. Lambar da kowace silinda ta bayar tana da amfani, amma abin da ya fi shi ne a kwatanta su, domin idan bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, fistin ko zobensa ya ci, kuma wannan aiki ne na buɗe inji. Makaniken da ba shi da wannan agogo ya aro, idan kuma ya ce ba ya bukatarsa, a nemi wani. A tambayi mai jirgin yadda yake haɗa mansa. Ga yawancin irin waɗannan injuna ma'aunin shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin hamsin na fetur, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, kuma wanda ya ce maka da ido yake zubawa, ko kuma man mota da aka sauke yake sawa, ya faɗa maka yadda cikin injin yake.

Sauran binciken yana ƙasa, a ƙafar inji. A kwance ƙaramin noti na man giya a bar ɗigo ya fito a tafin hannu. Mai lafiya yana da launin zuma ko ya ɗan yi duhu, idan kuwa ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, kuma idan da ɓarɓashin ƙarfe a ciki haƙoran giya suna cin juna. Abin da yake yawan jawo shigar ruwan shi ne zaren taru ko na fatsa da yake naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da take tare mai, don haka a cire farfelar a duba, a kuma juya sandarta a ga ko ta lanƙwashe. A tabbata kuma tsawon ƙafar ya dace da allon bayan jirgin, domin akwai gajera ta allo mai kamar santimita 38 da doguwa ta mai kamar 51, kuma ba sabon abu ba ne a haɗa wa mai saye jirgi da injin da ba nasa ba.

Bayan an gama a tudu sai gwaji a ruwa, kuma gwajin jirgi babu kaya a ciki wasa ne. A loda masa nauyin da ya yi kusa da wanda zai riƙa ɗauka, ko da buhunan yashi ne, kowa ya sa rigar ceto, a hau sama ana fuskantar igiyar ruwa da cikakkiyar wuta na aƙalla rabin awa, misali daga wajen gadar Kennedy a yi sama, sannan a juyo. Makanike ya saurari injin, ya sa giya gaba da baya sau da yawa, ya kashe ya sake tayarwa da zafinsa. Kafinta kuma ya zauna a ciki yana kallon haɗin alluna, domin akwai yoyon da ba ya bayyana sai jirgi yana aiki da nauyi inji kuma yana girgiza baya. A lura da tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, saboda ita ce take faɗin ainihin lodin da zai iya ɗauka, ba abin da mai shi ya ce yana ɗauka ranar kasuwa ba.

Akwai ɓangaren da guduma ba ta gano shi, wato ko jirgin na mai sayarwa ne shi kaɗai. Jirage da yawa na gado ne ko na haɗin gwiwa, wasu kuma an jinginar da su. Sarkin ruwa da shugabannin tashar da jirgin yake kwana sun san wannan, kuma gaisuwa da ɗan goro suna buɗe bakin da kuɗi ba ya buɗewa. Inji yana da lamba a kan ɗan faranti a jikin maɗaurinsa, a kwatanta ta da ta rasit da ta takardar duwan, wato kwastan, idan daga Najeriya ko Benin aka shigo da shi. Farantin da aka cire ko aka goge dalili ne isasshe na fasa ciniki, domin satar inji a bakin kogi sananniya ce, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ne zai yi bayani a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda.

Idan an tattara komai, a zauna da masu duban nesa da mai sayarwa, a sa su raba abin da suka gani gida uku: abin da dole a gyara kafin jirgin ya ɗauki mutum, abin da zai iya jira har janyewar ruwa ta gaba, da abin da tsufa ne kawai. Kowane tsohon jirgi yana da na biyu da na uku, kuma wanda yake neman marar aibi sai ya je ya ba da a ƙera masa sabo. A sa kuɗi a kan kowane gyara na gidan farko, har da kwanakin da jirgin zai yi ba ya aiki, sannan a koma ciniki da hotuna a hannu. A jirgina na biyu da'irori bakwai ɗin nan ba su hana ni saye ba, sai dai sun sauko da farashin da abin da ya isa canza alluna uku, domin dattijon ya ce haƙarƙari da ƙusa lafiyarsu ƙalau. Da a ce su ne suka mutu, ko allon baya, ko kuma matsin inji ya faɗi, da na haƙura ko nawa aka rage mini.

Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan ya sami aibin da aka ɓoye masa, kuma kowa ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Dokar da kotunanmu suke aiki da ita ma ta bambanta aibin ɓoye da wanda mai saye zai iya gani da idonsa. Sai dai karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya kashe su aiki ne na watanni, kuma mai duba, komai gwanintarsa, abin da ya samu a ranar kawai yake iya faɗa. Saboda haka takardar ciniki ta ƙunshi tsawon jirgin da faɗinsa da irin katakonsa, da lambar inji da yawan dokinsa, da jerin lahanin da mai sayarwa ya amsa da bakinsa, da kayan da suke biye da jirgin, kamar tanki da igiya da filafili da farfelar ajiya. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga kowane ɓangare, a haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa, a kai meri, wato ofishin magajin gari, ko kwamisariya a buga hatimi. Ragowar kuɗin kuma a miƙa shi a ranar da za a kwance jirgin daga turke, bayan makanike ya sake karanta lambar injin ya tabbatar shi ne wanda ya duba.